Na miƙa musu wayata ban ce uffan ba, yanzu ana kira na rago

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malamin Turanci ne a wata makarantar kuɗi, shekarata 27. Makonni uku da suka wuce, bayan sallar isha, ina dawowa daga kemis tare da ƙanwata 'yar shekara 12, wasu samari biyu suka tare mu a lungu. Ɗaya ya zaro wuƙa ya ce in kawo waya. Na miƙa masa ban ce uffan ba, ƙafafuna suna ta rawa, hannun yarinyar yana cikin nawa har suka ɓace. Tun ranar ban sake samun sukuni a majalisarmu ba. Wani ya ce da shi ne sai dai a kwashi gawa biyu, yayana kuma ya ce na ba gidanmu kunya. Don in kare kaina na ce su biyar ne. Shekaranjiya a aji wata ɗaliba ta tambaye ni bambancin “brave” da “courageous”, da kuma kishiyarsu. Da na zo rubuta “coward” a allo sai hannuna ya ƙi, na ji kamar sunana nake rubutawa. Yanzu ina tunanin sayen wuƙa, wani kuma ya ce akwai ƙwayar da in na sha ba zan ƙara tsoron kowa ba. Ga abin da ban gaya wa kowa ba: na gane mai wuƙar. Tsohon ɗalibina ne, na san gidansu. Baba, ni rago ne?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar maka da abin da ya fi wanda aka ɗauka. Ka gaishe mini da ƙanwar taka.

Da ni da kai alli ɗaya muka ci, don haka ta ƙofar allo zan shigo maka. Tambayar yarinyar nan ta aji ta fi surutun majalisarku nauyi, kuma ina ganin in ka iya amsa mata, ka amsa wa kanka rabin abin da ke hana ka barci. Ƙamus ɗin da ke kan teburinka zai jera maka kalmomin nan a layi ɗaya kamar 'ya'yan uwa ɗaya. In ka bi salsalarsu kuwa, kowace da gidan da ta fito, wasu ma gidan nasu ba na mutunci ba ne.

Mu fara da “brave”, tunda ita abokanka suke ganin ka rasa. Ba ta daɗe a Turanci ba in aka gwada ta da sauran. Wajen ƙarshen ƙarni na 15 ta shiga, Ingilishi suka aro ta daga Faransawa, su kuma Faransawa daga “bravo” ta mutanen Italiya. A bakin mutanen Italiya da Sifen ma'anarta ta fari ita ce abin da bai horu ba, mai kafirin faɗa, na dawa. Har gobe bijimin da ake kiwo don wasan kokawa da sa a Sifen sunansa “toro bravo”. Kogin da ya raba Amurka da Mekziko, wanda Amurkawa ke ce wa Rio Grande, mutanen Mekziko “Río Bravo” suke kiransa, wato kogi mai fushi. Akwai wadda ta fi wannan. A Italiya ta ƙarni na 16 da na 17, “bravo” suna ne na ƙaton da mai kuɗi ko basarake ke ajiyewa yana ciyarwa, ya aike shi ya tsorata talaka ko ya soke abokin gaba. Ɗan daba ke nan na haya. Ka ga ashe a lungun nan, daren nan, wanda ya fi kusa da asalin wannan kalma shi ne yaron da ke riƙe da wuƙa.

Da ta sauka Ingila sai ta sake riga, kuma riga a nan ba salon magana ba ne kawai. A zamanin Shekisfiya, shahararren marubucin wasan kwaikwayo na Ingila, in an ce mutum “brave” ne, sau da yawa ana nufin ya sha ado, ya ci kwalliya, yana ɗaukar ido. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta Kirista da aka buga a Ingila a 1611, inda Annabi Ishaya ke lissafa mundaye da kayan ƙawar matan Urushalima a sura ta uku, kalmar da aka sa wa kayan adon ita ce “bravery”. Daga tsatson nan dai aka samu “bravo” ɗin da 'yan kallo ke ihu da ita in mawaƙi ya burge, aka kuma samu “bravado” ta hanyar Sifaniyanci, wadda mu muke ce wa kuri ko cika baki. Abokinka mai gawa biyu, ga kalmarsa nan, ka kai masa tsaraba. Yana zaune kan benci, ga shayi a hannu, ga fitila a kunne, babu ƙarfe a wuyansa. Hausawa sun gama da irinsa tun da suka ce in ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Ƙanwarta “gallant” ma haka take. Daga wata tsohuwar kalmar Faransanci “galer” ta fito, wato a yi shagali a sha daɗi, kuma da farko ɗan kwalisa ake nufi da ita, mai iya zance da 'yan mata. Sai da tafiya ta yi tafiya ta haifi “gallantry”, kalmar da aka zana a jikin lambar yabon da Sarki Joj na shida ya ƙirƙiro a 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan, har aka riƙa ba masu shiga rami su kwance bam ɗin da bai fashe ba.

A nan sai in ja wa kaina birki, kada ka je aji ka ce Baba ya ce “brave” zagi ce. Asalin kalma ba shi ke mulkin ma'anarta ta yau ba. “Nice” da muke koya wa yara a matsayin yabo, a da wawa take nufi, daga kalmar Latinanci mai ma'anar wanda bai sani ba. Yau Bature na ce wa ɗan kwana-kwanan da ya shiga wuta “brave” da zuciya ɗaya. Abin da tarihi ke nuna maka shi ne warin da kalma ta taso da shi, kuma wannan zuri'ar tun farko tana son 'yan kallo.

“Courage” kuwa ba ta neman kowa ya gani, don a cikin ƙirji aka haife ta. A 1066 Wilyam, basaraken Nomandi da ke arewacin Faransa, ya haye teku ya ci Ingila a yaƙin Hastings, fada da kotu suka koma Faransanci na ɗaruruwan shekaru, dubban kalmomi suka malalo cikin Turanci. Cikinsu akwai “corage”, wadda ake ganinta a rubuce wajen 1300. Saiwarta “cuer”, daga Latinanci “cor”: zuciya. Kuma da farko zuciyar kawai take nufi, duk abin da ke cikinta, ko so, ko fushi, ko niyya. Chaucer, mawallafin ƙarshen ƙarni na 14, a buɗe littafinsa na labaran masu ziyarar Canterbury ya yi amfani da ita ga tsuntsaye, yana cewa shigowar bazara ta zungure su a zukatansu har suna kwana ido buɗe, 'yan layuka kaɗan a gaba ya sake amfani da ita ga kansa, cewa ya ɗaura niyyar ziyara da zuciya mai ibada. Wato a zamaninsa har ɗan tsuntsu yana da “courage”. Tambayar ita ce wace iri. Ka sa wa saiwar ɗafa-goshi ka samu “encourage”, a zuba wa mutum zuciya, da “discourage”, a zare masa ita. Mu a nan mun raba aikin tsakanin ƙirji da ƙafa: muna cewa ƙarfin zuciya, muna kuma cewa an ƙarfafa masa gwiwa, ko gwiwarsa ta yi sanyi.

Wurin da ya fi ba ni sha'awa, kuma ya fi shafarka, shi ne kalmar da “courage” ta tarar a gida ta ture. Kafin zuwan Faransanci, Ingilishi na da tasu, “mod”. Ita ce ta lalace ta zama “mood” ta yau, 'yar uwarta kuma tana nan a Jamusanci, “Mut”, har yanzu da ma'anar jarumta. A tsohon Turanci in an ce mutum “modig” ne an yabe shi, jarumi ke nan. Kalmar nan ce ta zama “moody”, mai saurin ɓata rai, mai kumbure-kumbure. Ko ka ji Hausa a ciki? Mu ma in mun ce wane mai zuciya ne, sai an dubi fuskar mai magana kafin a san yabo ne ko kashedi. Wane yana da zuciyar nema, wane kuma ya yi zuciya ya bar gidan ubansa. Abu ɗaya ne ke dafa tuwo yake kuma ƙona ɗaki.

Ingilishi sun ga wannan da idonsu a 991, a wani wuri da ake kira Maldon, gabashin ƙasar. Mayaƙan teku 'yan arewacin Turai, Baikin, sun sauka a wani tsibiri cikin kogi, babu hanyar isowa tudu sai wata siririyar turba da ke bayyana in ruwa ya janye. Mutum kaɗan ma sun isa su tsare bakinta, kuma sun tsare. Sai Baikin suka roƙi shugaban rundunar Ingilishi, dattijo Byrhtnoth, ya bar su su hayo a gwabza a fili. Ya yarda. Aka kashe shi, aka karkashe mutanensa, a shekarar kuma sarkin Ingila ya biya maharan azurfa fam 10,000 don su tafi. Tsohuwar waƙar da ta adana labarin ta ce ya ba su hanya ne saboda “ofermod”, wato zuciyar da ta yi yawa har ta zuba. Malamai na ta jayayya ko yabo mawaƙin ke yi ko zargi. Ni dai da na karanta wasiƙarka, hannun yarinyar nan da ke cikin naka na tuna. Wanda ya yi zuciya a fagen fama ba shi kaɗai ke biyan kuɗinta ba. Da ka cakumi mai wuƙar, ina na biyun zai nufa?

Turanci na da sunaye ga irin wannan. “Foolhardy” haɗin kalmomin Faransanci biyu ne, wawa da mai ƙarfin hali. “Temerity” daga Latinanci take, yin abu a makance. Namu sun fi su daɗin faɗa: ganganci, kasada, ƙuru. Aristotil, masanin falsafa na Girka, tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa ya ce jarumta tsakiya take zaune, ragwanta a hagunta, ganganci a damanta, kuma ya lura cewa masu gangancin nan galibi 'yan kuri ne, masu zumuɗi kafin haɗari ya iso, masu ja da baya in ya iso.

Sai “valour”, kalmar sojoji, wadda ke jikin babbar lambar yabon yaƙi ta Birtaniya da Sarauniya Biktoriya ta kafa a 1856 daf da ƙarshen yaƙin Kirimiya. Tushenta “valere”, a zama da ƙarfi, a zama da daraja, kuma uwa ɗaya ta haife su da “value”, ƙima. Na daɗe ina son wannan dangantaka, domin tana tuna mini cewa akwai lissafi a cikin jarumta. Me za a tsare, nawa ne kuɗinsa, me za a bayar? Kai a cikin daƙiƙa biyu ka ɗora waya a sikeli ɗaya, rai biyu a ɗayan, ka ga inda ya rinjaya. Turawa na da karin magana cewa mafi kyawun kashin “valour” shi ne sanin ya kamata. Ba zan ɓoye maka ba, wanda Shekisfiya ya sa wa maganar a baki, Falstaff, wani ƙaton mashayi ne da ya kwanta ya yi mushen ƙarya a fagen yaƙi don kada a sare shi. Don haka maganar tana iya zama hikima, tana iya zama mafakar matsoraci. Abin da ke raba su shi ne wa aka bari a baya. Falstaff fatarsa kaɗai ya tsirar.

Ka ce ƙafafunka sun yi rawa, kuma na ga alama wannan ya fi ci maka rai fiye da wayar. Ɗana, ba shawara jikinka ya yi da kai ba. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ke tsarto sinadarin adirenalin cikin jini da zarar ido ya ga haɗari. Zuciya ta hau bugu, jini ya bar ciki ya nufi manyan tsokoki, baki ya bushe, gaɓoɓi su ɗauki kyarma saboda an shirya su gudu ko faɗa alhali an tsaya cik. Haka yake ga soja, haka yake ga ɗan dambe. Ni ma an taɓa tare motarmu da dare a kan hanya, shekaru da yawa baya, aka ce kowa ya kwanta. Na kwanta, har ƙasa na ci. Wani mai ƙaton rawani da ya yini yana ba mu labarin layunsa shi ya riga kowa kifa ciki. Kuma ka buɗe Alƙur'ani: Allah ya ba mu labarin Annabi Musa, alaihis salam, ya fita daga birni yana mai tsoro yana waige-waige, ya kuma ji tsoro a ransa ranar da matsafan Fir'auna suka jefa igiyoyinsu. Bai fasa jefa sandarsa ba.

Kalmar Turanci da ke nufin wanda ba ya kyarma ita ce “intrepid”, kuma ta littafi ce, yau ma da yawa cikin masu faɗarta da zolaya suke yi. Kalmomin talakawa, na kasuwa da fagen dambe, sun fi sanin jikin mutum. “Pluck” asalinta abin da mahauci ke fizgowa daga cikin dabba ne a haɗe, zuciya da hanta da huhu, sai 'yan damben Ingila na ƙarni na 18 suka mai da ita sunan ƙarfin hali. “Guts” hanji ne kawai. Matsoraci kuma suna ce masa “lily-livered”, mai farar hanta, don likitocin da sun ɗauka hanta ce matattarar jini da zafin rai, wadda ba jini a cikinta ta ragon mutum ce. Mu ma ai cewa muke hantarsa ta kaɗa, cikinsa ya ɗuri ruwa. Da mu da su duk a kayan ciki muka gano tsoro, don kowa yana da su.

To, ga kalmar da hannunka ya ƙi rubutawa. “Coward” wutsiya ce. Tsohon Faransanci “coue”, daga Latinanci “cauda”, aka liƙa mata ɗafa-ƙeya. Hoton shi ne kare ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ko dabbar da ba ka ganin komai nata sai bindi saboda ta ba ka baya. A tatsuniyoyin dila na Faransawan tsakiyar zamani, waɗanda suke kamar namu na Gizo, sunan zomo ke nan, Couart. Ka kuma dubi ɗafa-ƙeyar da kyau, kai malami ne: ita ce a “drunkard” da “sluggard”. Ba a ce wa wanda ya sha sau ɗaya “drunkard”. Ana liƙa ta ne ga wanda abu ya zame masa hali. Af, in ka ci karo da Bature mai sunan mahaifi Coward kada ka tausaya masa, nasa daga makiyayin shanu ya samo asali, kama ce kawai ta haɗa su. Akwai kuma “poltroon” daga Italiyanci, inda kalma ɗaya ke ɗauke da malalaci da matsoraci, har kujerar hutawa suna ce mata “poltrona”. Daidai da ragonmu, wanda ba ya noma ba ya kuma yaƙi.

Yanzu ka auna da kanka. Ka juya baya? Ka saki hannun yarinya ka ranta a na kare? A bisa abin da ka rubuto, ka tsaya, ka ba da abin da aka nema, ka kai ƙanwarka gida da ƙafarta. Babu wutsiya a wannan labari. A kan daren nan na wanke ka, kuma ko a gaban yayanka zan maimaita.

Amma ba a nan wasiƙarka ta ƙare ba, ni kuma ba zan shafa maka mai a baki ba. Wutsiyar ta fito ne washegari. Ka ce su biyar ne. Wannan “bravado” ce taka ta kanka, ka shiga layin mai gawa biyu. Kuma ka manta akwai mai shaida. Yarinyar nan ta iya ƙirga. Tana jin yayanta, malamin makaranta, yana mai da biyu biyar, tana koyon cewa abin da ya faru abin kunya ne da sai an rufe shi da ƙarya. Ka gyara wannan. Ba sai ka tara taro ba. Ranar da aka sake tayar da zancen ka ce: su biyu ne, na ji tsoro, na ba su. Za a yi dariya ta kwana ɗaya ta mutu, don ba daɗi a tsokani wanda ya riga ya faɗa da bakinsa.

Maganar wuƙa da ƙwaya kuwa, ka binne ta. Ingilishi na kiran ƙarfin halin da ake samu a kwalba “Dutch courage”, gori ne ga mutanen Holan da suka sha gwabzawa da su a teku tun daga 1652, wai sai sun sha giya suke iya faɗa. Ƙarfin hali ne na aro, mai shi na karɓar abinsa da safe har da riba. Irin ƙwayoyin da ake nufi, tiramol da 'yan uwansa, suna kama mutum su ƙi saki, in an zarce kuma suna jawo farfaɗiya. Ban yi mamaki ba in mai wuƙar nan daga irin wannan shawara ya fara. Wuƙa a aljihun wanda bai saba da ita ba kuwa, ko a ƙwace a soke shi da ita, ko shi ya soki ɗan wani ya ƙare a gidan yari, ko 'yan sintiri su tare shi da dare su same ta. Zaɓi wanda kake so a ciki.

Kalmar da nake so ka riƙe ita ce “fortitude”, daga “fortis”, mai ƙarfi. Ba ta da armashi, ba a yi mata kirari. Toma Akwinas, malamin Kirista ɗan Italiya na ƙarni na 13, ya yi tambaya: tsakanin kai hari da jurewa, wanne ne ainihin aikinta? Ya ce jurewa, ya kawo dalilai uku. Mai kai hari yana ganin ya fi ƙarfi, mai jurewa kuwa wanda ya fi shi ƙarfi ne a kansa. Mai kai hari yana hango haɗari a gaba, mai jurewa yana cikinsa tsundum. Hari kuma na ɗan lokaci ne, jurewa tana cin kwanaki. Dauriya ke nan da juriya, kuma ka san hadisin da ke cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Yayanka mazantaka yake nema a wurinka. Girkawa da Rumawa ma da sunan namiji suka gina kalmominsu na jarumta, “andreia” da “virtus”. Ta Rumawan ita ce ta zama “virtue” a Turanci, ta bar ƙwanji ta koma kyawun hali. Daga “fortis” ɗin nan kuma “comfort” ta fito, wadda asalinta ba laushin katifa ba ne, ƙarfafa wani ne. A duk wasiƙarka ba ka gaya mini halin da ƙanwarka take ciki ba. Tana barci? Tana yarda a aike ta bayan magariba? Ka zauna da ita, ka bar ta ta faɗi abin da ta gani, ka gaya mata kai ma ka ji tsoro kuma abin da kuka yi shi ne daidai.

Saura babbar, wadda ka ajiye a ƙarshen takarda kamar yadda marar lafiya ke ajiye ainihin ciwonsa sai likita ya miƙe. Ka san yaron. Makonni uku kana ɗauke da sunansa, shi kuma yana yawo da wuƙarsa, kuma ba kowa zai miƙa waya da sauri kamar kai ba. A nan ne ake bin ka bashin “courage”, irin wadda ba mai tafa maka. Ban ce babu haɗari ba. Akwai, shi ya sa za ka bi ta a tsanake. Kada ka je gidansu kai kaɗai. Kada sunansa ya fita daga bakinka a majalisa, don ko dai zance ya koma kunnen abokansa, ko samari su ɗauki doka a hannu a wayi gari da gawa a wuyanka. Ka fara da mahaifinku, ku biyu a ɗaki, ka gaya masa komai har da ƙaryar biyar ɗin. Ku je wurin mai unguwa tare, shi ya san gidan, ya san iyayen, ya san yadda ake shigar da magana ofishin 'yan sanda ba tare da an yi shela da sunan wanda ya kawo ta ba. Ka roƙi a bar ƙanwarka a waje da zancen gaba ɗaya. Ka tafi da kwalin wayar, lambar da ake bin sawunta da ita tana jiki. In ba ka rufe layinka ba, ba ka kuma sanar da bankinka ba, gobe da safe ka fara da wannan. Na ɗan lokaci ku sake hanya, ku daina bin lungun da dare. Ƙafarka za ta yi rawa a ƙofar mai unguwa kamar yadda ta yi a lungu. Ka bar ta ta yi, ka yi sallama.

Kada ka manta kuma yaron ya taɓa zama a gabanka yana kwafar abin da ka rubuta. Kama shi yanzu, da laifin waya, ya fi masa sauƙi a kan ranar da za a kama shi da laifin rai.

Ita kuwa ɗalibarka, ka koma mata ranar Litinin. Ka ce mata a Turancin yau sau da yawa ana musanya kalmomin biyu, amma kunnen mai harshen yana jin bambanci: uwa na ce wa ɗanta ya zama “brave” in za a yi masa allura, abu ne na nan take, “courageous” kuwa ta fi nauyi, an fi ajiye ta ga wanda ya san abin da zai biyo baya, ya kwana yana juya shi, ya tashi ya yi. Sannan ka ɗauki alli ka rubuta “coward” da manyan baƙaƙe, ka zana mata wutsiya a jikin harafin ƙarshe, ka ba su labarin zomon Faransawa. In kun dawo daga wurin mai unguwa ka rubuto mini yadda kuka yi.